Zoben Ƙarfe a Katangar Hajiya

Ni mai wankin hula ne. Rumfata tana bakin lungunmu a cikin gari, inda in ka ɗaga kai za ka hango hasumiyar Gobarau ta saman soraye. Rabin aikinmu kallon sama ne. Ka wanke hula, ka sa mata sitaci, ka ɗora ta kan icce ka jera a rana. In hadari ya taso ka yi sakaci, aikin yini ya lalace, mai hula kuma ba ya sauraron uzuri ranar Juma'a. Ni kuwa Allah ya yi ni da fargaba. Girgije ɗaya na hango ta gabas, ko bai fi tafin hannu ba, sai na fara kwashe huluna. Matata takan ce da damuwa tana sa ƙiba, da ban iya wucewa ta ƙofar zaure ba.

Lungunmu gangare ne. Duk ruwan da ya sauka a saman unguwa ta nan yake biyowa, lambatu kuma ya daɗe da cikewa da yashi da leda. In aka yi ruwa mai ƙarfi sai ya bar lambatun ya hau hanya, ya shiga zauruka, ya jiƙa gindin katangun ƙasa har wasu su zube. Mun saba da haka har mun daina lissafa shi cikin masifa.

Wata shekara kafin damina mai unguwa ya aiko a kira ni. Na tafi ina ta tunanin ko hular wani babba na ɓata. Na iske shi a zaurenshi da wata mata mai gilashi, riƙe da takardu da wata doguwar sanda mai lambobi a jiki. Bayan mun gaisa, mun tambayi gida da iyali da gajiya, sai ya ce wannan Malama daga ofishin da ke kula da ambaliya take. Suna neman mutum ɗaya a kowace unguwa wanda zai riƙa auna tsayin ruwan da ke kwanciya bayan an yi ruwa, ya rubuta, ya kai masu.

"Ranka ya daɗe, ni fa a firamare na tsaya," na ce.

"Mun sani," in ji shi. "Amma duk unguwar nan kai kaɗai ke ganin hadari tun bai haɗu ba."

Malama ta yi dariya, ta ce ba digiri ake nema ba, ido ake nema da gaskiya. Ta bayyana mani yadda abin yake. Takardata za a haɗa ta da ta sauran unguwanni, na birni a haɗa da na ƙananan hukumomi, sannan a kai na jiha wurin taron jihohin yankinmu, inda kowa zai faɗi ko ɓarnar ruwa tana raguwa a wurinsu ko tana ƙaruwa. Wato lambar da zan rubuta da birona za ta yi tafiya har garuruwan da ban taɓa zuwa ba, manyan mutane su zauna su dube ta. Na so in ce a ba wani. Sai dai na tuna in wani ya karɓa ya yi sakaci, damuwar da zan yi ta fi wannan. Na karɓi sanda.

Malama ta ce a zaɓi wuri ɗaya, a riƙa aunawa a nan kullum, kada a canza. Muka zaga lungu, muka tsaya a inda ya fi kwari, gindin katangar Hajiya. Hajiyar nan ƙanwar kakata ce, tsohuwa mai baki, tun ina yaro take kirana mijinta. Ta leƙo daga zaure ta gan ni da sanda.

"Angona, mi kake nema a gindin katangata? In zance ka zo, ka shigo ta ƙofa kamar mai mutunci."

"Aikin hukuma ne, Hajiya."

"Hukuma ta rasa wanda za ta ɗauka sai mai gudun girgije."

A jikin katangar akwai wani tsohon zoben ƙarfe da marigayi mijinta ya kafa yana ɗaure jaki. Duk shekara in an yi yaɓe sai a kewaye shi a bar shi a waje. Ni ma a nan nake ɗaure kekena in na zo gaishe ta. A lokacin ban ɗauke shi bakin komai ba.

Takardar da aka ba ni tana da gidaje huɗu: rana, lokaci, lambar da ruwa ya kai a jikin sanda, sai ko ya shiga gidan wani. Ta farko da na kai, Malama ta juya ta gaba da baya tana murmushi. Na cike gidajen, na cike gefe, na juya bayan takardar na ci gaba. Na rubuta daga ina iska ta taso, da launin ruwan, da wata kaza da ya tafi da ita, da cewa ban tabbata ko agogona yana gaba da minti uku ba.

"Malam, gidajen nan huɗu kawai nake so," ta ce. "Labarin kazar ka ajiye mana shi."

Na ji kunya, amma ban iya dainawa ba. Sai na sayi littafin rubutu irin na 'yan makaranta. A takardar ofis in sa lamba kawai, a littafina in zuba sauran. A nan ne nake rubuta awon da taki, wato tsawon buɗaɗɗen hannu daga babban yatsa zuwa na tsakiya, da yatsu, domin su na fi ganewa, kuma da su zan ba da wannan labari.

Daminar farko ta yi mana nauyi. Da an ɗauke ruwa sai in naɗe wando, in ɗauki sanda, in ratsa lungu mutane suna kallona daga zauruka. In kafa sanda a ƙasa daidai gindin katanga, in karanta, in cire, in sake kafawa in karanta, don kada idona ya yaudare ni. Ranar da ruwa ya fi yawa, cikin Agusta, ya kai taki uku. Ya shiga zauren Hajiya, ya shiga wasu gidaje a jere, katangar makewayin wani maƙwabci ta zube. Allah ya tsare ba a rasa rai ba.

Da rani ya yi, Malama ta dawo da takardunmu a haɗe ta nuna wa mai unguwa. Ganin abu a rubuce daban yake da jin shi a baki. Dattawa suka zauna, aka yanke shawarar yin aikin gayya kafin ruwan farko.

Ban manta wannan Asabar ɗin ba. Tun da sassafe lungu ya cika da shebur da diga da kwanoni da baro. Teloli suka rufe shaguna, mai shayi ya kawo tukunyarshi bakin lambatu, mata suka aiko da kunu da ƙosai. Wani mahauci da wani wanzami suka kama gefe ɗaya suna haƙa suna zagin juna da wasa, kowa na cewa ɗan'uwanshi bai iya riƙe shebur ba. Muka fito da leda da tsumma da takalma marasa 'yan'uwa, har da wata tsohuwar fitila da mutum biyu suka ce tasu ce. Ledar aka tara aka kwashe. Yashi da ƙasa kuwa, a unguwarmu ba a zubar da su. Ƙasar da ta fito daga lambatu, gindin katanga ake kai ta a daɓe, don ta kare ginin daga zaizaya. Haka muka tashi muka ga ana yi. Kuma da yake Hajiya ce tsohuwar lungu, katangarta ce kuma ta fi shan ruwa, ita aka fara yi wa. Ni da kaina na yi ta jigilar kwano ina zubawa, na karɓi madaɓi na daɓe wurin ya yi sumul. Hajiya na zaune a bakin zaure tana cewa yau ta yarda mijin nata yana da amfani.

Damina ta biyu ta zo. Ruwan farko mai ƙarfi da aka yi, na tsaya a rumfa ina sauraron lambatu yana gudu da ƙara kamar rafi. Da aka ɗauke na tafi da sanda. Ko wando ban naɗe sosai ba. Haka muka yi ta yi har ƙarshen damina, kuma ranar da ya fi yawa ma taki ɗaya ya kai. Bai shiga zauren kowa ba. Daga taki uku zuwa taki ɗaya. Na duba littafin bara, na duba na bana, na ba matata ta duba. Na cike takardar ƙarshen shekara, na kai ofis.

Malama ta yi murna ƙwarai. Ta ce za ta sa lungunmu a cikin rahoton da za a kai taron jihohi a matsayin misali, ranar Litinin za ta tura. Mai unguwa ya sanar bayan sallar La'asar a masallacinmu cewa ruwa ya ragu da taki biyu, kuma za a ambaci unguwarmu a wata jiha. Mutane suka yi ta ba ni hannu kamar ni na tsayar da ruwan. Wani Alhaji mai shago a Babbar Kasuwa ya kawo mani huluna shida a lokaci ɗaya, ya ce mai auna ruwa ba zai ɓata hula ba. Kwana biyu ina tafiya ina jin kaina wasai, abin da ban saba ba.

Ranar Alhamis da hantsi na je gaishe da Hajiya. Na jingina keke, na sunkuya zan zura sarƙa a zobe, sai bayana ya amsa. Na miƙe ina dafe da ƙugu. Hajiya na kallona.

"Tsufa ya kama ango tun amarya ba ta gaji ba."

"Ba tsufa ba ne, Hajiya. Zoben nan ne ya yi ƙasa."

"Zoben da ya girme ka? Yana nan inda mai shi ya kafa shi."

Na tsaya ina kallon zoben. Da can in na tsaya kusa da shi, sama da gwiwata yake. Yanzu ga shi ƙasa da gwiwa. Zobe bai sauka ba. Ƙasa ce ta hau. Ƙasar da na ɗebo da kwano a kaina, na zuba, na daɓe da hannuna. Duk damina ina kafa sanda a kan tudun da na gina, ina murna ruwa ya ragu.

Na zauna a kan dakalin zaure na dafe kai. Hajiya ta daina dariya ta ce, "Lafiya?" Na gaya mata. Ta ce ita dai abin da ta sani bana ba ta ɗaga tabarma ba ko sau ɗaya. Na ce na sani, amma ba tabarma na rubuta ba, taki biyu na rubuta, kuma ranar Litinin taki biyun nan zai bar Katsina da sa hannuna a ƙasa. Wataƙila ma ruwan bai ragu ba ko kaɗan, cikon ne kawai ya ɓoye shi.

Na koma gida ban iya cin tuwon rana ba. Matata ta saurare ni har na gama, ta ture kwano gabana.

"To, Malam, ka yi ƙarya ne?"

"Ban yi ba. Amma in na yi shiru yanzu na yi."

"Ai ka gama magana. Ci ka tafi."

Na fara zuwa wurin mai unguwa, domin bai kamata ya ji a waje ba. Ya saurara yana shafa gemu. Na ga abin bai yi mashi daɗi ba, mutumin da ya tsaya gaban jama'a ya yi sanarwa.

"Yanzu kai, wa zai zo daga wata jiha ya auna gindin katangar Hajiya?" ya ce.

"Ba kowa, ranka ya daɗe."

"To?"

"In suka ga taki biyu za su ce lungunmu ya warke, su juya wani wuri. In kuma bai warke ba, baɗi ruwa ba zai karanta takarda ba."

Mai unguwa ya yi wata 'yar dariya ta hanci, ya ce shi ya jawo wa kanshi, da ya tashi zaɓe ya zaɓi wanda ko carbi ya ja sai ya sake ƙirgawa. Ya ce in je in gaya wa Malama, in ce da saninshi.

Kafin in tafi na biya gida ɗaukar littafin bara, don in nuna mata ranakun. Ina jiran matata ta miƙo mani hula mai kyau, na buɗe shafin ranar da ruwa ya kai taki uku. Shafin cike yake da surutuna. Iska daga gabas. Ruwan ja ne. Wani ya rasa takalmi ƙafa ɗaya. A can ƙasa kuma, da ƙaramin rubutu, na ga na sa: saura yatsa biyu ruwa ya taɓa zoben Hajiya, na ji tsoron kada ya yi tsatsa.

Na karanta sau uku. Na fita da gudu ba hula, na ɗauki sanda, na koma gindin katanga. Na auna daga sabuwar ƙasa zuwa zobe: taki biyu da yatsa biyu. Ruwan bana ya hau taki ɗaya daga wannan ƙasa, wato ya rage mashi taki ɗaya da yatsa biyu ya kai zobe. Na bara kuwa yatsa biyu kacal ya rage mashi. Na zana a ƙasa da tsinke, na goge, na sake zanawa. Amsa ɗaya take fitowa. Ruwa ya ragu da gaske, amma da taki ɗaya, ba biyu ba. Ɗayan takin cikona ne.

Hajiya ta leƙo ta gan ni tsugune ina dariya ni kaɗai.

"Ɗazu kana shirin kuka, yanzu kana dariya. Ni dai ban yi sa'ar miji ba."

"Hajiya, Allah ya jiƙan mai jakin nan."

"Amin. Shi dai bai taɓa zana mani ƙasa a ƙofar gida ba."

Na isa ofis kafin a tashi. Na iske Malama da takardu jibge a gabanta. Na gaishe ta, ta tambayi iyali da aiki, na amsa a gajarce, abin da ba halina ba ne. Na ce na zo in janye takardata. Na bayyana mata tun daga aikin gayya har zuwa ciwon bayana, na buɗe littafi na nuna mata layin zobe. Ina jira ta ce na ɓata mata aiki.

Ta cire gilashi ta goge ido don dariya. Sannan ta daina, ta jawo tarin takardun ta fara warewa.

"Malam, unguwa nawa aka yi aikin gayya bana?"

"Da yawa, Malama."

"Kuma duk inda aka yashe lambatu, ina ake kai ƙasar?"

Nan take ta ɗauki waya. Ta kira mai awon unguwar Kambarawa. Ya ce shi a kan siminti yake kafa sandarshi, ba abin da ya canza. Ta kira wani a cikin gari. Ya ce bari ya je ya dubo. Bai daɗe ba ya kira ya ce lallai an yi ciko a wurin, shi ma da hannunshi a ciki. Malama ta ce kowa ya nemi abin da ba ya motsi a kusa da wurin awonshi, ko dutse ko ƙarfe ko bakin kwalbati, ya sake gwadawa kafin Litinin.

Ta ba ni sabuwar takarda na cike a gabanta, taki ɗaya a lambobin sanda. Na ce mata akwai wani abu kuma da ke damuna: in ruwan saman bana bai kai na bara yawa ba fa? Ta ce wannan akwai masu auna shi, za su haɗa da nawa, in bar masu nasu aikin. Da zan fita ta kira ni.

"Littafin nan naka, ka ci gaba da shi. Har da kajin."

Ranar Juma'a bayan La'asar mai unguwa ya sake miƙewa a masallaci. Ya ce maganar da ya faɗa ranar nan a raba ta biyu, a riƙe rabi; ɗaya rabin mun binne shi da hannunmu a gindin katangar Hajiya. Da mutane suka gane sai dariya ta tashi har waje. Mahaucin nan ya ce wanzami ne ya fi kowa zuba ƙasa, shi ya kamata a tuhuma. Wani dattijo ya ce taki ɗaya ma ai ba a taɓa samu ba tun tasowarshi, a yi godiya. Aka yi addu'a, aka kuma tsayar da cewa baɗi za a yashe har ƙarshen lambatu, inda bana muka gaji muka bari.

Rahoton ya tafi ranar Litinin da taki ɗaya. Daga baya Malama ta gaya mani an ambaci lungunmu a taron, kuma an daɗe ana maganar ciko, don ashe ba mu kaɗai ke kai ƙasar lambatu gindin katanga ba. A sabuwar takardar da aka raba mana an ƙara gida na biyar, inda mutum zai rubuta daga jikin mene ne yake fara awo. A nawa na rubuta zoben ƙarfe a katangar Hajiya.

Na sayo jan fenti na zagaye zoben da shi, don mai yaɓe ya gani kada ya rufe. Hajiya ta ce na yi wa katangarta kwalliya ita ko lalle ban saya mata ba. Har yanzu kafin kowace damina nakan je in kama zoben in girgiza, in ji ko ya yi motsi. Bai taɓa yi ba. Nakan sake girgizawa duk da haka, ita kuma tana daga zaure tana cewa in na cire shi, ni za ta ɗaure a wurin.